Mai Rumbun da Ya Ɓoye Kaka

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina kwance cikin rahama. Shekara shida ke nan da aka bugo waya daga Madawa aka ce kin rasu, ina nan Greensboro ta Amurka da kitson wata a hannuna. Yau da laifi na zo miki. Na karya alkawarinki.

Ranar da zan taho, kin riƙe hannuna a tasha kika ce, "Duk wanda ya tambayi asalinki, ki ce Madawa, ki ja bakinki ki yi shiru." Na riƙe, Inna. Ko a shagon kitso, inda mata ke tone asalin kowa har kakan kakansa, ba a taɓa jin nawa ba.

Jikarki Hadiza ce ta ja min. Makarantarsu ta kai su ganin wani tsohon gida can gaba da titin High Point Road, aka nemi iyayen da za su raka, na bi don dai ƙafata ta huta da tsayuwa. Aka nuna mana amalanken doki. A ido amalanke ne kawai, ashe ƙasansa hawa biyu ne. A zamanin bauta, wasu Turawa manoma, Kiristoci masu ibada a zaune shiru, su ke kwantar da bayin da suka gudo a tsakanin katakon, su lafta kaya a sama, su nufi arewa da su inda ba a bauta. Wanda aka kama yana wannan aiki, sai kurkuku. Na leƙa wurin kwanciyar. Ko juyi mutum ba zai iya ba.

Amma ba amalanken ne ya tsaya min a rai ba. Malamar su Hadiza ce, wata doguwar baƙar fata. Ta gaya wa yara kakar kakarta baiwa ce, ta faɗi sunanta, ko murya ba ta rage ba. Ni ce na waiga in ga wa ya ji, kamar ni aka tona.

Tun ranar ban zauna daidai ba. Na ƙona tuwo. Na yi wa wata kitso ya karkace sai da na tsefe. Ana haka malamar ta ba su aiki, kowa ya tambayo labarin kakanninsa ya karanta a gaban aji. Hadiza ta sa ni gaba, kicin, ɗaki, mota, da Turancinta da ba ya gajiya.

Kin san abin da nake tsoro. A ajinsu akwai 'yar Hajiya Mariyama, mutuniyar garin Tawa, wadda abin da ya shiga kunnenta da hantsi ba ya kai la'asar bai isa gida ba. Daga nan sai gaisuwa da gefen baki a wurin suna. Gobe in an zo neman auren Hadiza, wani dattijo ya ce a bincika asali tukuna. Mun haye teku, amma wannan halin ba mu bar shi a baya ba.

Sau ɗaya tak kika ba ni labarin, muna surfe. Yadda Kaka ta gudo daga hannun ubangijinta can arewa, da ƙarfe a ƙafa, goye da ke. Yadda wani manomi da bai san ta ba ya cusa ku cikin rumbun geronsa kwana uku. Masu nema suka zo a kan raƙuma, ya ba su ruwa, ya zauna a gindin rumbun yana tufka igiya har suka gaji suka juya. Kaka tana ciki ta toshe miki baki da nono.

Shekaranjiya na tsayar da mota a ƙofar makaranta na gaya wa Hadiza duka. Na zaci za ta sunkuyar da kai kamar yadda na yi a gabanki. Sai ta ce da karyayyar Hausarta, "Mama, mai rumbun, yaya sunanshi?"

Ban sani ba, Inna. Ba ki faɗa ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Turawan nan an rubuta sunayensu a alluna a bakin hanya. Namu, wanda ya sa wuyansa dominku, mun binne sunansa tare da abin da muke ɓoyewa. Wannan ya fi maganar Hajiya yi min ciwo.

Gobe Juma'a Hadiza za ta karanta, ban kuwa hana ta ba. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Na san don ki kare ni kika sa ni shiru. Ki yafe min, Innata.

Allah Ya haskaka kabarinki da na Kaka. Mai rumbun kuma, Allah Ya san sunansa, Ya ɓoye shi a inuwarSa ranar da babu wata inuwa.

Taki ɗiya,
Zainabu