Sawun da Ka Bari a Kan Yashi

Zuwa ga yayana Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan ta same ka cikin alheri a duk inda kake a arewacin Agadas. Inna da Baba suna gaishe ka. Lambarka ta daina shiga tun bayan ƙaramar salla, shi ya sa na rubuto a nan ƙarƙashin hotunanka, inda na san kana leƙowa. Masu bibiyarka su yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a boko ba.

Yaya, tun da ka bar tuƙin matafiya ka kama kyamara, babu hotonka da ya wuce ni. Ranar kasuwar Makoda nake sauke su a wajen mai caji, in zo gida in yi ta kallo har wayar ta mutu.

Na shanun nan da aka zana a jikin dutse ya fi tsaya mini. Ƙahonsu irin na shanun Bororo, har da maraƙi a ƙarƙashin uwarsa. Wanda ya yi zanen ya taɓa tatsa, na gani a yadda ya fitar da hantsa. To me suke ci a wajen? Na buɗa hoton da yatsu biyu, ko tsinke ban gani ba. Ina rafin da suke shan ruwa ya tafi? Kuma ga raƙumin dawa, ga jimina, amma babu fartanya, babu rumbu. Da na nuna a majalisa, Baba Ɗanlami cewa ya yi waɗannan mutane sun huta, shanu ba gona, ba wanda zai kai wani ƙara gun dagaci.

Na taurari ma na kasa gane shi. Na sami Kaza da 'ya'yanta a gefe, yadda Baba yake nuna mana, amma wannan farin abu mai kama da hayaƙi da ya ratsa tsakiya, a nan ba ya fitowa haka. Ka rubuta cewa ɗora kyamarar kake a kan ƙarfe mai ƙafa uku, ka bar idonta a buɗe ta yi ta shan haske. Na gwada da wayata a kan turmi. Baƙi ƙirin na samu, Inna kuma ta ce in sauke mata kaya za ta yi daka.

Ka tuna ranar da ka fara sayen waya mai hoto? Ka tsayar da ni a bakin gayaunarka, gero ya kai mini kafaɗa, ka ce, "Mai hoto rana yake ba wa baya, Isuhu." Har yanzu haka kake yi. Shi ya sa ko da ba ka taɓa sa fuskarka ba, inuwarka tana shigowa ta ƙasan hoto, ni kuma da ita nake gaisawa.

To, a kan wannan ne na rubuto.

Hoton tudun yashin nan da mutane suka yi ta yabo, wanda ka juyo ka ɗauki hanyar da ka hawo. Su launin yamma suke kallo. Ni ƙasa na kalla, ka san halina. Sawun dama ya nitse sosai. Na hagu ba sawu ba ne, jan ƙasa ne. A gefe kuma ga 'yan ramuka a jere, tazararsu ɗaya, kamar an bi da sungumi ana saran shuka. Na daɗe ina tambayar kaina wa zai yi shuka a kan yashi. Sai na koma hotunan baya. Kafin salla inuwarka hannu biyu take riƙe kyamara. Bayan salla hannu ɗaya ne, ɗayan yana dogare da wani abu siriri.

Ban gaya wa kowa ba. Amma ran nan Inna ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta yadda take yi, ta ce, "Wannan ba tsayuwar Habu ba ce." Ta miƙo mini ta shiga ɗaki. Tun ranar ba ta ƙara tambayar hoto ba, sai dai tana daɗewa a kan sallaya.

Mota ce? Ko daga dutse ka faɗo wajen neman zanen nan? An yi ɗori, ko haka ka bar ƙafar? Wa yake ɗebo maka ruwa?

Na san abin da ya riƙe ka. Ranar tafiyarka a tashar Ɗambatta ka ce ba za ka dawo ba sai da motarka, kuma rabin gari sun ji. Yaya, wallahi an manta. Mu ba mota muke jira ba. Gayaunarka na kai mata taki, tana nan. In an yi ruwa ni zan yi sara, ni zan binne, kai ka zauna a gindin gawo ka ɗauke mu. Garin nan ma bai taɓa samun wanda ya dube shi yadda kake duban dutse ba.

Ka sake kallon zanen shanun. A can gefen hagu akwai wani ɗan mutum a tsaye, da sanda a hannu. Wataƙila ta kiwo ce, wataƙila ba ta kiwo ba. Ko ma wacce ce, mai zanen bai goge ta ba. Ya zana kansa yadda yake, kusa da abin da yake so, har kai ka zo bayan zamani mai tsawo ka gan shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka ɗora kyamarar a kan ƙarfen nan kamar za ka ɗauki taurari, ka zagayo gabanta, ka fuskanci rana. Kai da sandar. Zan kai wa Inna, in riƙe mata wayar daidai idonta.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce, ya haɗa ka da mutanen kirki a hanya, ya kuma juyo da sawun nan gida ko da a hankali ne.

Ƙaninka mai kallon ƙasan hoto,
Isuhu