Yumɓun goge mota da kumatuna

Asabar, bayan isha'i

Yau Mubarak ɗan maƙwabtanmu ya yi mini magana. Yana ƙofar gida yana goge fentin motar babansa da wani yumɓu shuɗi da ya sayo a Sabon Gari, mai laushi kamar cingam. Ya ce, "Hauwa'u, zo ki dinga fesa mini ruwan sabulu." Ashe ya san sunana!

Ina fesawa yana murzawa a hankali, yumɓun na tsince kwaltar da wanki ya kasa fitarwa. Duk inda ya bi sai santsi. Ni kuwa har na fara tsara mana labari a raina.

Sai ga ƙanwarsa Zainab. Ta ƙare wa kurajen fuskata kallo ta ce, "Yaya, in ka gama ka ɗan goga mata a kumatu mana."

Na jira ya tsawata mata, yadda ake yi a littattafaina. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Rufa mini asiri. In yumɓun ya kwashi tsakuwa yar da shi ake yi."

Ban fasa fesawa ba har ya gama motar. Wallahi har sannu da aiki na yi masa.