Ya Zana Tafkinmu Ya Cire Shanunmu

Anti Zulaiha, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin kunya.

Ranar Talata da sassafe na kora shanu mashaya, tafkin da ke gindin dutse a bayan Fammar, sai na tarar da baƙi suna awo da igiya. Ɗayansu ya nuna min waya, ya ce ai wurin ba kowa. Ina dubawa na ga zanen Salahuddeen, ɗan gwaggona mai karatun zane a Kano.

Da damina ya zo, a ɗakina ya kwana, furarmu ya sha. Ya zana dutsen ya ƙara masa tsawo, ya ɗora hadari baƙi ƙirin, ruwan kamar madubi. Amma ba saniya ko ɗaya, ba mata masu wanki, har bukkarmu ya share. Da na tambaye shi, wai mutane suna rage wa dutse kwarjini, so yake mai kallo ya ji tsoron ikon Allah. Na yi shiru, tunda ban yi boko ba. To wani Alhaji ya ga zanen, shi ya turo masu awon, zai kewaye wurin ya yi wajen shaƙatawa. Ina za mu shayar? Yanzu makiyaya sun daina amsa gaisuwata, wai ni na kawo maciji. Salahuddeen kuwa ko waya ba ya ɗauka. Wallahi ji nake in je Kano in yaga zanen a gabansa.

Ba ni kaɗai na ga masu awon ba, maƙwabcina Malam Ishiyaku da Fanta mai nono suna tsaye a wurin.

Mai Haƙuri, Kibiya

Ƙanena, ajiye batun yaga. Zanen ya riga ya shiga wayoyi, kai ne kawai za ka kwana a hannun 'yan sanda.

Salahuddeen bai zana don a ƙwace muku mashaya ba, masu irin wannan zane sun saba korar mutane daga hoto don dutse ya yi girma. Amma ƙin ɗaukar waya rashin kunya ne. Kai ma shirunka ya yi yawa.

Gobe ka ɗauki shaidunka da ardonku ku je wajen dagaci kafin a kafa turke. Sannan ka bi ta wajen gwaggonka, ta sa shi ya zo ya faɗa wa Alhajin, a gabanku, abin da ya cire da hannunsa. Idan ya ƙi, dangi za su san wanda ya kawo macijin.

Allah ya bar muku ruwanku.