Takalmin Lauya da Saniyar Wakili

Kurawa, 4 ga Nuwamba

Zuwa ga Uwar Khadijatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ɗiyarmu mai jego tana samun ƙarfi, jariri kuma yana tsala kuka gwargwadon haƙƙinsa na ɗan Gobir.

A sanar da mutanen Sakkwato, manyansu da ƙananansu, cewa ni Malami Alhassan, tsohon hedimasta, yau na ciro baƙin takalmina daga ƙarƙashin gado bayan shekara tara. Na tumɓuke gizo-gizon da ya kafa daula a cikinsa, na goge shi har kaji sunka taru suna kallon kansu. Ki zauna kafin ki ji dalili.

An kama ƙanenki Labbo, ana tuhumarsa da satar saniya. Yana tsare a Isa, lafiyarsa ƙalau, na gan shi da idona.

Kin tuna Wakili, Bafulatanin nan amininsa, wanda ya ba shi karsana habbanaye lokacin da fataucinsa na Nijar ya karye? Kin san ƙa'idar: ka riƙe ta har ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne, uwar kuma ka mayar wa mai ita. To, Wakili ya yi ƙaura ya rasu a can, bara kuma ɓarayi sunka kwashe garkensa kaf. Da Labbo ya ji iyalinsa sun dawo kusa da Unguwar Lalle, sai ya kora saniyar don ya sauke amana. A hanya ya gamu da Marwan, ɗan marigayin, wanda ke makaranta a birni lokacin da anka yi habbanayen. Ya ga tsagar kunnen gidansu a jikin saniyar, ya ɗauka cikin waɗanda anka sace ce, ya kwarma ihu, jama'a ta taru. Allah ya sa hukuma ta iso kafin sanduna.

Takarda babu, domin neman takarda a kan habbanaye zagi ne. Mai bayarwa yana kabari. In abin ya tabbata, shekaru ne a gidan yari, ga sunan ɓarawon shanu da za ya bi jikokinsa. Tasalla, matar Labbo, ba ta ci abincin kirki ba tun shekaranjiya.

Gobe za ni tafi Isa zaɓen lauya, kuma na tsara sharuɗɗa uku. Na karanta tarihin Rumawa da na Misirawa, ban ga inda mai ƙazamin takalmi ya ci shari'a ba. Saboda haka takalmi ne farko, sai Turanci mai kauri, sai yawan littattafai a kanta. Tasalla ta nace sai ta bi ni. Na amince, a matsayin 'yar kallo.

Kada ki baro mai jego. Al'amarin yana hannun masana.

Naki har kullum,
Malami Alhassan

Isa, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Uwar Khadijatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na kuma ji gargaɗin da kinka yi mini cewa in rage surutu in bar mutane su yi magana. Na ajiye shi don nazari.

Lauyoyi uku munka gani. Na farko ya cinye sharuɗɗana duka. Takalminsa ya kunyata nawa har na ja ƙafata ƙarƙashin kujera, Turancinsa kuwa sai da na dafa tebur. Ya nemi rasit ɗin saniya. Da na bayyana masa habbanaye, sai ya yi murmushi irin na likitan da ya ji ana zancen rubutun sha, ya ce gara Labbo ya amsa laifi a roƙa masa sassauci. Tasalla ta miƙe ta fita ba sallama.

Na biyu bai bari mun gama zama ba ya rantse mana cewa nasara tamu ce. Raina ya yi fari. Da munka fito, Tasalla ta tuna mini cewa mutumin bai ko tambayi sunan wanda anka kama ba, kuma sau biyu ya ce da saniyar raƙumi.

Ta uku, Barista Zahra'u, ofishinta ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon ɗinki. Na dubi ƙafarta, Uwar Khadijatu, sai na ga takalmin roba, da busasshiyar laka har idon sawu. Na ba ta sifili a zuci, na fara laluben ƙofa. Amma Tasalla ta riga ta zauna, ta soma bayani, lauyar kuwa ba ta katse ta ba har ta dire. Sannan ta yi tambayar da ba wanda ya yi mana: sau nawa saniyar ta haihu, kuma ina 'ya'yan? Ta tambayi abin da anka samu a hannun Labbo ranar da anka kama shi. Tasalla ta lissafa sabuwar igiya, da dunƙulen kanwa, da turmin zane da ya saya wa matar marigayi don godiya. Lauyar ta rubuta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Na buƙaci ta ba mu tabbacin nasara. Ta ce ba ta da shi, hukunci na alƙali ne, abin da take da shi aiki ne. Ta ce shari'o'in dabbobi ta fi yi, lakar nan ma daga wata ruga ta kwaso ta da safe. Na yi niyyar jawabi a kan martabar takalmi, sai Tasalla ta ce mini, cikin ladabi ƙwarai, mijinta ne ke ɗaure ba nawa ba. Sai na mayar da jawabina aljihu, munka miƙa wa Barista shari'ar.

A ranar Barista ta je ta ga Labbo. Washegari ta hau babur har Kurawa ta duba maruƙan uku. Beli dai an hana, kuma ba za ni ɓoye miki ba, da na ga ƙanenki ta bayan ƙarfe, mutumin da bai taɓa ganina bai tsokane ni ba, ya kasa ɗaga ido, sai da na fita waje na share tabarau. An sa ranar shari'a ashirin ga wata. Ku dage da addu'a.

Naki,
Malami Alhassan

Kurawa, 21 ga Nuwamba

Zuwa ga Uwar Khadijatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ki yi guɗa, ki sa maƙwabta su taya ki. Labbo yana gida. A daidai lokacin da nake wannan rubutu yana tsakar gidana yana cinye mini tuwo, yana cewa na rame fiye da shi.

Ga yadda anka yi. Mu maza duk mun tsaya a kan cewa shaida ya mutu. Barista kuwa ta tambayi kanta, wa ke tatsar shanun Wakili a wancan lokaci? Sai ta tafi rugar Unguwar Lalle, ta zauna a tabarma da Inna Binta, mahaifiyar Marwan. Ashe tsohuwar ba ta ma san an kama kowa ba. Ɗanta ya ɓoye mata, wai shari'a sha'anin maza ne, ba wanda kuma ya ga dalilin tambayarta.

Jiya ta shigo kotu tana dogara sanda. Ta shaida wa alƙali cewa ita da hannunta ta ɗaura wa karsanar igiya ranar da mijinta ya ba Labbo, har ta yi kwana biyu ba ta yi wa mijin magana ba, domin ita ta rene ta. Ta faɗi sunan saniyar, Ƙyalla, ta faɗi tabon da ke cinyarta tun ba a nuna mata ita ba. Barista ta sa anka kawo kayan da anka karɓe a hannun Labbo, ta ɗaga zanen nan sama, ta roƙi kotu ta duba ko an taɓa jin ɓarawon da ya kora saniya zuwa gidan mai ita, ɗauke da tukuici. Jimla ɗaya, da Hausa, ba kauri ko kaɗan. Ni da na tanadi kunnuwana don Latin, sai na tsinci kaina ina kabbara a hankali.

Mai gabatar da ƙara ya janye tuhuma, alƙali ya sallami Labbo. Marwan ya durƙusa a bakin kotu yana neman gafara, uwarsa kuma tana faɗa masa maganganu da Fillanci waɗanda na gode Allah ban fahimta ba.

Saura abin da ya fi shari'ar. Ƙyalla ita kaɗai ce saniyar da ta rage wa gidan Wakili a duniya. Da Labbo ya gane haka, yau da safe ya kwance babbar karsanarsa, 'yar fari ta Ƙyalla, ya ɗaura mata sabuwar igiyar nan, ya miƙa wa Marwan habbanaye. Na ba da shawarar a rubuta takarda wannan karon. Su duka biyu sunka dube ni kamar na yi ashar a masallaci, sai Barista ta ce a bar su, ta riga ta ga shaidu mata huɗu a tsaye.

Mutanen gari suna ta zuwa yi mini barka a kan iya zaɓen lauya, ni kuma ina karɓa da tawali'u. Amma tsakanina da ke, kotun zuciyata ta zauna, ta same ni da laifin duban ƙafa maimakon kai. An ci ni tarar goro bakwai, farare, za ni kai wa Tasalla da kaina gobe da hantsi. Takalmin kuwa an mayar da shi ƙarƙashin gado, an kuma aika wa gizo-gizo ya dawo kan mulkinsa.

Ki shafa mini kan jariri, ki dawo da wuri, miyar gidan nan ta lalace.

Mijinki mai biyan tara,
Malami Alhassan