Inna, Muciyarki Ta Koma Tukunya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa mai tuwo ta bakin ƙofar kamfanin fata, Challawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, ina roƙon Allah Ya sa kuna cikin ni'ima a makwancinku, Ya sa can ta fi muku nan. Ni ne Autanku, Habibu. Na san takarda ba ta isa inda kuke, na kuma san masu bibiyar shafina ne za su karanta wannan. To, su karanta. Aikena kuka yi, ɗan aike kuwa ba ya dawowa ya yi shiru.

Gaisuwar takarda ta ƙare. Bari in yi miki magana yadda na saba, ina kan bencin rumfarki kina kwasar tuwo.

Inna, na je Kamaru na dawo. Malam Buba bai yi ƙarya ba.

Ai kin tuna shi, direban nan Bafulatani mai kawo ɗanyar fata daga can, wanda ba ya taɓa tuwo sai an ƙara masa man shanu. Shi ne yake ce mana a ƙasarsu akwai wani dutse, Manenguba, da tafki biyu a bisa kansa, ɗaya mace ɗaya namiji. Kina tuƙi kina dariya, kina cewa, "Buba, ruwa gangara yake bi. Wane ruwa ne zai hau dutse ya zauna?" In ya rantse, sai ki ce rantsuwar direba ai ba a kafa shaida da ita.

A shekarar ne tulin jiƙaƙƙiyar fata ya zame daga kan motar ɗaukar kaya ya danne mini ƙafar hagu. Ƙashi ya karye a ƙasan gwiwa, aka sa mini ƙarfe. Da aka sallame ni, sandar asibiti ta cinye mini hammata, na yi jifa da ita, na kwanta na juya wa duniya baya.

Ba ki yi mini faɗa ba. Babbar muciyarki kika ɗauka, wadda kike tuƙa tuwon 'yan aikin safe da ita tun kafin a haife ni, kika kai wa mai faci ya ɗaura mata roba a ƙarshen mariƙi. Kan da ke shiga tukunya, mai kaurin, shi ya koma wurin dafa hannu. Kika miƙo mini kika ce, "Aro na ba ka, Auta, ba kyauta ba. Muciya a tukunya take. Ranar da ƙafar nan ta tuna aikinta, ka maido mini da kayana, sannan ka je ka gano mini tafkin Buba."

Haka na koma aiki ina dogara muciya. Abokan aiki suka samu abin yi. Habibu mai muciya. Wani ya ce ko rini na zo tuƙawa, wani ya ce babu budurwar da za ta saurari namiji da muciya a hannu. Ke kuwa hukuncinki ɗaya ne: duk wanda kika ji ya yi dariya, ranar tuwonsa ba nama.

Likita ya ce ƙashi ya haɗe sarai. Ni ne ban yarda ba. Duk lokacin da na jingine muciyar na ɗaga ƙafa zan taka, sai in ji ƙarar karayar nan a kunnena, in yi maza in cafko ta. Kina aikena har Panshekara sayen daddawa alhali ga ta cike da kwano a ɗaki. Na gane dabararki tun a lokacin, kuma na san kin san na gane.

Sai ciwon nan ya zo miki da damina, ya tafi da ke cikin 'yan kwanaki. Ba ki taɓa ganina ina tafiya hannu sake ba bayan hatsarin. Wannan shi ya tsaya mini a rai duk shekarun nan, Inna. Yaya Rabi ce ta ci gaba da rumfar. Na taɓa kai mata muciyar na ajiye, amma ko bakin titi ban kai ba na dawo na ɗauka. Kai kawai ta sunkuyar.

Bana kamfani ya rufe don gyaran injina, kwasar adashi kuma ta faɗo kaina. Kowa ya zama mai ba da shawara: sayi babur, kama fili, nemi aure. Na ce musu akwai aiken da ke kaina tukuna. Suka ce mai dogara muciya ne zai hau dutse? Na ce in Allah Ya yarda.

Wani mai ɗinkin buhu a Sharaɗa ya haɗa mini jakar goyo da ragowar tamfol. Yaya Rabi ta cika ta da guzuri irin naki: garin kwaki, ƙuliƙuli, dakuwa, dabino, yajin daddawa a ƙullin leda. Na ƙara buta da darduma da bargo da rigar sanyi ta gwanjo, na zura takalmin aikina. Kayan tafiyar ke nan gaba ɗaya.

Ki yi dariya a nan, don ya cancanta. Ni ɗan Kano, dutse a wurina Dala ne da Goron Dutse. Sai na riƙa zuwa Dala ranar Juma'a ina hawa matakala ina sauka, har na ji numfashina ya daina sarƙewa. Na dawo na shaida wa jama'a na gama shiri, babu dutsen da zai gagare ni. Allah Ya yafe mini wautata.

Na shiga motar Yola, daga nan na tsallaka iyaka. Wani jami'i ya karɓi muciyar ya jujjuya, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, yana neman abin da aka ɓoye a ciki. Da ya rasa, sai ya kira 'yan uwansa su zo su ga mutumin da ya taso daga Kano da kayan tuƙin tuwo ba tukunya.

Otal kuwa ko ƙofarsa ban leƙa ba. Kusan duk garin da na sauka akwai unguwar Hausawa. Sai in nemi masallaci da la'asar, in an sallame in gaida liman in ce baƙo ne daga Kano. Ban taɓa rasa zaure da tabarma ba. A Garwa na gyara wa mai masaukina famfon rijiya, a Gaundare na taya wasu lodin buhuna, su kuma suka ɗora ni a kan lodin albasa mai gangarawa kudu. Kwana da kwanaki in na yi sallama, warina ke riga ni shiga.

Amma daga saman motar nan, Inna, me zan gani! Tudu bayan tudu, kowanne kore shar, babu inda ƙasa ta yi tsirara. Ayaba a bakin hanya ba mai gadinta. Gajimare na sauka har ƙasa ya ratsa tsakanin shanu. Na ga tafkuna a hanya, wani a tsakiyar daji, wani a cikin kwari, ruwansu a kwance ko motsi babu. Ni da na saba da ruwan kwatar kamfani mai launin rini da wari, sai na riƙa kallo baki buɗe. Sai dai ba su aka aike ni gani ba, don haka na wuce.

Na isa ƙauyen da ke gindin Manenguba, na ɗaga kai ina neman ƙarshensa, ban gani ba. Na nemi matakala, babu. A nan na gane Dala ɗan tsugunno ne.

Masu yi wa baƙi jagora sun fi ƙarfin aljihuna. Sai aka haɗa ni da wata dattijuwar Bafulatana da ta sauko tallan nono za ta koma rugarsu a can sama. Dada ake ce mata. Ta girme ki, ga ƙwarya a ka, ga silifa a ƙafa. Hausarta kaɗan, Fulatancina wanda na tsinta a bakin Malam Buba bai wuce gaisuwa ba. Ta kalle ni, ta kalli muciyar ta daɗe, sannan ta yi gaba na bi ta.

Hanyar laka ce da santsi, ga sanyin da ke shiga ƙashi. Ƙarfen ƙafata ya fara zugi tun ba mu yi nisa ba. Da rana ta ɗaga na zauna a kan wani dutse, na ce a raina shi ke nan, na yi iyakar yina, Inna za ta yafe mini. Dada ba ta lallashe ni ba. Gaba kaɗan ta tsaya, ta ba ni baya tana gyara gammonta, kamar ba ni take jira ba. Haka kike yi in kin aike ni Panshekara. Kunya ta tashe ni tsaye.

Muna kaiwa ƙarshen hawan, iska ta yaye gajimaren. Ashe cikin dutsen wani fili ne shimfiɗaɗɗe, shanu na kiwo, ga rugage can nesa. A tsakiya kuma ga su nan, su biyu, tudu ɗaya ya raba su. Macen ta fi girma, shuɗiya, a buɗe. Namijin kore ne mai duhu, ya lafe a cikin rami, bishiyoyi sun kewaye shi.

Na yi kabbara da ƙarfi har shanu suka ɗago kai. Na yi dariya, na yi kuka, duk a lokaci ɗaya, ban ji kunyar kowa ba. Na lallaba na gangara bakin macen na yi alwala da ruwan da ya kusa ƙandarar mini da yatsu, na yi salla, na yi miki addu'a. Ruwa ya hau dutse ya zauna, Inna. Da idona na gani.

Hadari ya taso, Dada ta ja ni rugarsu. Na tarar ana hidimar suna, an haifa mata jika. Sun aro wata ƙatuwar tukunya don tuwon masara, amma muciyarsu gajera ce, mai tuƙin sai ƙona hannu take tana tsaki. Sai Dada ta juyo ta miƙo mini hannu. Ashe abin da take kallo ke nan tun daga gindin dutse.

Tun ranar da kika ba ni ita, ban taɓa sakinta ga baƙo ba sai jami'in iyaka, shi ma ina jingine da teburinsa. Amma ta yaya zan hana dattijuwar da ta hawo da ni? Na miƙa mata.

Ta sa wuƙa ta yanke robar, ta kankare itacen, ta wanke da toka da ruwan zafi. Hannunta ya zauna daidai inda naki ya cinye mariƙin. Ta zura ta a tukunya ta fara tuƙi, tuwon ya fara wannan numfashin nasa, fat, fat. Rabona da jin wannan sautin daga wannan muciyar tun kina da rai. Na tsaya ina kallo, ƙamshi ya cika bukkar.

Da aka kwashe, wata mata ta ɗora mini faranti cike da malmala, ta nuna mini inda maza ke zaune a ɗaya gefen rugar. Na karɓa da hannu biyu na tafi, ina lura kada tuwon mutane ya zube. Na tsallake igiyar maruƙa, na kauce wa kashin shanu, na hau ɗan tudu. Sai da na kai tsakiyar fili na tuna. Hannuwana biyu suna kan faranti. Babu abin da ke riƙe da ni sai ƙafafuna.

Na saurara ko zan ji ƙarar karayar nan. Ban ji komai ba sai kukan maraƙi da hayaniyar 'yan suna. Na ƙarasa na dire farantin a gaban mutane, ko malmala ɗaya ba ta motsa ba. Suka ga baƙo na share ido, suka ɗauka hayaƙi ne.

Washegari Dada ta wanke muciyar tas ta kawo mini. Na mayar da hannuna baya. Na faɗa mata maganarki da Hausa, "Muciya a tukunya take," ban sani ba ko ta ji kalmomin, amma ta gane. Ɗanta ya ba ni sandar kiwo. Kyauta ba a mayar da ita, sai na karɓa na ɗaure ta a gicciye a bayan jakata.

Da ƙafata na sauko dutsen nan, Inna, tun daga sama har ƙasa. Ta yi ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a cikin laka, na tashi na ci gaba ina yi wa kaina dariya. Sandar tana bayana, ban kwance ta ba.

Ranar da na dawo Challawa an buɗe kamfani, daidai lokacin tashin 'yan aikin safe. Yaya Rabi ta hango ni daga nesa ina tahowa ina kaɗa hannu biyu. Ta tsaya da mara a hannu, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Da ta nutsu sai faɗa: wai na ɗauki kayan gado na kai wa mutanen da ko sunan garinsu ba ta iya faɗa ba. Tana faɗan tana ƙara mini nama. Masu kirana mai muciya kuwa yanzu sun rasa sunan da za su sa mini, har sun fara tambaya ko akwai wuri a tafiya ta gaba.

Abu ɗaya ne ban cika ba yadda kika ce. Kin ce in maido miki da kayanki. Na zo mayarwa ban same ki ba, Innata, sai na kai ta inda kika ce take. Tana can a kan dutsen da kika ce ruwa ba ya hawa, tana tuƙa wa mutane tuwo, kusa da tafkin Buba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki. Ya sa kowace loma da aka tuƙa da muciyar nan, a Challawa da can, ta zama haske a kabarinki. Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, wanda ya fi duk wanda na gani. Ya haɗa mu a inda babu karaya, in taho miki da gudu.

Naki har kullum,
Auta, mai tafiya da ƙafarsa.