Wanda Bai Kai Ranar Suna Ba

Kurfi, 9 ga Maris, 1981

Zuwa ga maigidana Mahmuda,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da sanyin Jamus. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ke yi mini tsiya. Ubanka Dalhatu na gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Takardarka ta iso, na karanta sau uku. Abin da na gane shi ne, kuna harba ƙwayoyin zarra na wani ƙarfe kan na wani, mako da makonni, ko Allah zai sa biyu su manne su zama sabon sinadari mai nauyi, wanda babu irinsa a ƙasa ko a dutse. In ma ya samu, kafin ƙiftawar ido ya farfashe. Ba a ganinsa, ba a taɓa shi, sai dai na'ura ta zana alama a takarda.

To angona, wannan ne ya hana ka zuwa ka ga tsohuwar matarka? Na ba matan unguwa labari a gidan biki, maƙwabciyata Rahmatu ta ce ko kuna sayar da shi a mudu. Na ce mata ko ƙwaya ɗaya ba ku samu ba tukuna. Aka yi ta dariya, ni ce kan gaba.

In ya samu, ka aiko mini a ƙullin leda.

Matarka ta fari,
Gogo Hawwa'u

Kurfi, 20 ga Nuwamba, 1982

Maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. An gama girbi, gero ya yi kyau.

Wannan takardar taka ba ta yi mini daɗi ba. Ka ce alamar ta fito sau ɗaya, kai ke zaune gaban na'ura. Manyanku sun ce ɗaya ba ta isa shaida ba, wataƙila na'urar ce ta yi tuntuɓe, kuma ba a raɗa wa abu suna sai an sake ganinsa. Ka ce ka gaji, za ka tattaro ka dawo ka koyar a Dutsin-Ma.

Ina son ganinka, Allah ya sani. Amma tsaya ka ji abin da ko ubanka bai sani ba.

Dalhatu ba shi ne na fari ba. Haihuwata ta fari a gidanmu na Birchi na yi ta, ni kaɗai a ɗaki kamar yadda ake yi a lokacin, sai an sauka ake kiran ungozoma. Mace ce. Ta yi kuka sau ɗaya, siriri, sannan ta yi shiru. Da ungozoma ta shigo ta duba, ta ce ba ta zo da rai ba. Wanda bai yi kuka ba kuwa, ba suna, ba salla. Aka naɗe ta aka binne ta a gindin tsamiyar da ke bayan gidanmu.

Na ji kukan nan da kunnena. Amma ɗiyar fari ce, ka san kunyar da ake yi. Yarinya ta buɗe baki gaban iyaye ta yi gardama kan ɗanta na fari? Na sunkuyar da kai. Shekara hamsin da biyu ke nan.

Ni ba ni da na'urar da zan sake kunnawa. Kai kana da ita. Ka koma ka zauna gabanta. In ka dawo yanzu, tuwona ma ba za ka ci ba, na sake ka saki uku.

Gogo

Kurfi, 2 ga Mayu, 1984

Angona,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka barka. Gwiwa ta ƙi, yanzu da sanda nake zuwa ko'ina.

Alama uku! Na gaya wa Rahmatu ta tanadi mudunta. Ka ce maganar suna kuma sai manyan ƙasashe sun gama jayayya, zai ɗauki shekaru, kuma ba za a tambaye ka ba. Ba komai. Na dai janye sakin.

Ranar Laraba na sa Dalhatu ya kai ni Birchi a babur. Gidan ya zama gona, amma tsamiyar na nan. Na gaya masa yana da yaya. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a. Ya tambayi sunanta, bakina ya ƙi.

Na raɗa mata tun ranar da na haife ta, a raina. Da baki ba zan iya ba, amma biro ba ya jin kunya. Sunanta Sodangi.

In ka zo da damina, kai za ka faɗa wa ubanka. Ka taho mini da takardar nan mai alamar farko, wadda suka ce ba ta isa ba. Ita nake son gani.

Allah ya kawo ka lafiya.

Kakarka,
Hawwa'u