Tankin Lita Dubu Biyu

Bayahibe, 3 ga Maris

Yaya Fermín,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Ondina. Shekara shida ke nan ba mu magana, tun da na kai ƙararka kan ɓamɓaro murjani a teku kana sayarwa, aka ƙwace maka kwalekwale. Ba don in tono wannan na rubuto ba.

Ciwo ya shiga murjaninmu, wannan halitta mai rai da ke tsirowa kamar dutse a ƙasan teku. Wani fari ne ke bin jikinsa, kafin wata guda sai ka tarar da dutse kawai. Ƙungiyarmu ta masu nutso ta samu izinin ɗebo masu sauran rai, mu raine su a tudu. An ba mu tankin gilashi na lita dubu biyu, yana nan fayau a tsohon ɗakin ajiye kifi. Ga abin da na tsara: famfo ɗaya babba, matatar ruwa, fitilu takwas, da injin sanyaya ruwa. Ni nutso na iya, ba waya da bututu ba. Kai kuwa an ce duk Samaná babu mai gyaran firji kamarka. Duba mini ko na manta wani abu.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Yudelka

Samaná, 14 ga Maris

Yude,

Muna lafiya, Ondina tana gaishe ki. Wa ya tsara miki wannan, mai shagon fitilu? Fitila takwas ai gasa su za ki yi. Huɗu sun isa. Famfo ɗaya kuma, a ƙasar da ake ɗauke wuta sau uku a yini? Ki nemi biyu, da batir da sola. Ruwan ya riƙa kai da kawo kamar igiyar teku. Injin sanyi a waje za a kafa shi, in ba haka ba ɗakin zai zama gidan burodi. Ki tanadi ƙaramin tanki don sababbin zuwa, kada mai ciwo ya shafa wa sauran. Kada ki saka komai sai ruwan ya yi wata biyu.

Fermín

Bayahibe, 25 ga Maris

Yaya,

Na gode ƙwarai. Na gyara tsarin yadda ka ce. Amma mun makara da guda ɗaya. Ka tuna murjanin nan mai tsayi kamar ginshiƙi, inda Baba ya koya mana nutso? Na ƙarshen irinsa a tekunmu ya mutu ranar Talata. Na yi kuka a cikin gilashin nutso, abin kunya.

Tambaya ɗaya: a ina mai gyaran firji ya san duk wannan?

Taka, Yudelka

Samaná, 2 ga Afrilu

Ƙanwata,

Gaisuwa. Sau uku ina yaga wannan takarda. Ranar da aka ƙwace kwalekwalen, akwai guntun ginshiƙin nan a bokiti, bai kai dunƙulen hannu ba, jami'an hukuma ba su gan shi ba. Na kasa sayarwa, na kasa yarwa. Na haɗa masa tanki a bayan gida, inda Ondina ke shanya a da, har yau tana mita. Sau biyu ya kusa mutuwa kafin in gane kansa. Yanzu ya kai tsawon kamu ɗaya, lafiyarsa ƙalau.

In za ki sake kai ƙarata, ki kai. Amma kada a ɗauke shi sai ruwanki ya zauna.

Yayanki, Fermín

Bayahibe, 9 ga Afrilu

Yaya,

Na je hukuma da kaina na faɗa musu komai. Shugabar hukumar ta tambaya ko za ka yarda ka kula da tankin gaba ɗaya. Bututun ya iso. Ka zo ranar Asabar, kai da Ondina.

Mama za ta dafa sancocho, farfesun nan nata mai nama da kabewa. Ta tambaye ni ko har yanzu kana tsince kabewa daga kwanonka, na ce ban sani ba. Ka zo ta gani da idonta.

Sai kun zo.
Yude